Muhawara: Yaya aka yi launin sarakunan Sin ya zama sunan batsa?

Alhaji Bala:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san a wannan zaure ba a rasa waɗanda suka yi karatu a ƙasar Sin. Shekara 9 ke nan ina zuwa Guangzhou saro yadi, amma Sinancin da na iya na kasuwa ne kawai, wato gaisuwa da lissafi da sunayen launuka. A tafiyata ta bara na shiga wani shago a kasuwar yadi ta Zhongda, na tarar da littattafan samfuri guda uku a kan kanta, ɗaya mai jan bango, ɗaya shuɗi, ɗaya rawaya. Da yake na san rawaya shi ne huang, littafi kuma shu, sai na haɗa su na ce wa yarinyar da ke tsaron shagon ta miƙo mini huang shu. Nan take ta sunkuyar da kai, ta ajiye almakashin da ke hannunta, ta shige ciki ba ta ce uffan ba. Tafintana ne ya jawo ni gefe ya raɗa mini cewa abin da na nema a bakinsu yana nufin littafin batsa. Wallahi har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, domin yarinyar sa'ar 'yata ce, kuma ban sami bakin da zan ba ta haƙuri yadda ya kamata ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a wannan tafiyar na je Beijing na shiga tsohuwar fadar sarakunansu, na ga rufin ɗakunan duk rawaya ne yana ƙyalli a rana, mai yi mana jagora kuma ya ce a da can babu mai taɓa wannan launi sai sarki. To, yaya aka yi launi ɗaya ya zama na sarauta kuma ya zama na alfasha?

Nafi'u:
Wa alaikumus salam, Baba Alhaji. Tafintanka gaskiya ya gaya maka, kuma kusan duk baƙon da ya fara koyon Sinanci sai ya yi tuntuɓe a wannan wuri. Ina shekara ta huɗu ke nan a jami'a a Wuhan, kuma zan iya cewa wannan ma'ana ta huang ba ta 'yan tasha ba ce kaɗai, domin har a jarida da bakin hukuma ana jin ta. Fim ɗin batsa huang pian ne, barkwanci mai motsa sha'awa huang duanzi ne, idan kuma aka ce mutum ya buɗe huang qiang, to ya saki baki ke nan da zancen da bai kamata ba a gaban mutane. A bangon unguwanni da ƙofar otal-otal za ka ga an rubuta gargaɗi a kan abubuwa uku da ake haɗawa wuri guda, huang da du da du, wato fasiƙanci da caca da ƙwaya, kalmomin biyu na ƙarshe sun yi kama a kunnen baƙo amma karin sautinsu da rubutunsu daban ne. A nan huang ta haɗa har da karuwanci, ba hotuna da littattafai kaɗai ba. Samamen da 'yan sanda suke kaiwa gidajen banza kuwa sunansa sao huang, ma'ana share rawaya, kamar yadda ake share tsakar gida da tsintsiya. Wanda aka fi tunawa shi ne na birnin Dongguan, maƙwabcin Guangzhou ɗinku, a watan Fabrairun 2014, inda aka baza dubban 'yan sanda bayan gidan talabijin na ƙasa ya nuna rahoto a kan wuraren tausa na birnin.

Sai dai kundin dokar laifuffuka bai yi amfani da launi ba. Kalmar da ke cikinsa ita ce yinhui, kuma sashe na 363 ya tanadi hukuncin da zai iya kaiwa ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi sana'ar yaɗa irin waɗannan abubuwa idan laifin ya yi muni ƙwarai.

Malam Garba:
Alhaji, abin da jagoran ya gaya maka haka yake, kuma darajar rawaya a wurinsu ta fi zurfin rufin fada. Tun zamanin da, masanan Sin sun raba duniya gida biyar, kowane da launinsa: gabas ta itace ce mai tsanwa, kudu ta wuta ce ja, yamma ta ƙarfe ce fara, arewa ta ruwa ce baƙa, tsakiya kuwa ta ƙasa ce, launinta rawaya. Wanda ya ga ƙasar arewacin Sin ba zai yi mamakin wannan ba, domin turɓayar can ruwan ɗorawa ce, ita ce take rina babban koginsu har ake kiransa Huang He, wato Rawayan Kogi, kakan da suke jingina asalinsu gare shi kuma Huangdi ne, Sarki Rawaya. Tunda sarki shi ne tsakiyar duniya, launin tsakiya ya zama nasa. A ƙarni na 7, zamanin daular Tang, aka hana talakawa da ma'aikata sanya shi. A shekarar 960, sa'ad da sojoji suka yi niyyar ɗora kwamandansu Zhao Kuangyin a kan mulki, abin da suka yi kawai shi ne suka yafa masa rawayar alkyabba a Chenqiao, da haka daular Song ta kafu, kuma har gobe idan Basine ya ce an yafa wa wani rawayar riga kowa ya san mulki ake nufi. A daular Qing ma sai da aka rarraba launin hawa-hawa, rawaya mai haske ta sarki, wata mai duhu-duhu ta yarima mai jiran gado, wata ta sauran 'ya'yan sarki. Ko kalmar sarki kanta huang ce, furuci ɗaya da launin har karin sauti, rubutu ne kawai ya raba su.

A fadar da ka shiga, wadda aka kammala a 1420, akwai wani gini da aka yi wa baƙin rufi da gangan, shi ne ɗakin ajiye littattafai na Wenyuan, saboda baƙi launin ruwa ne, ruwa kuwa maganin gobara.

Ni a ganina amsar tambayarka tana cikin wannan tarihi. A 1912 aka tuɓe sarki na ƙarshe, aka sauke tutar daular Qing mai rawaya da dodo, kuma mun san halin mutane idan an kawar da mai mulki, duk abin da yake taƙama da shi sai an mayar da shi abin wulaƙanci. Launin ya faɗi ne tare da masu shi.

Dakta Hadiza:
Malam Garba, Allah ya ƙara sani, na ƙaru da bayanin farko, amma ban yarda da ƙarshensa ba, kuma shekarun da kansu ne suka ƙi ba ka goyon baya. Da faɗuwar sarauta ce ta ɓata launin, da tutar jamhuriyar da ta gaji daular ba ta ɗauke shi ba, alhali tutar 1912 mai layi biyar tana da rawaya a cikinta, tutar 1949 da ake amfani da ita yau kuma taurarinta biyar rawaya ne. A farkon ƙarni na 20 ma 'yan kishin ƙasa alfahari suke yi da launin, suna kiran kansu jikokin Huangdi. Masanin tarihi Huang Xingtao na Jami'ar Renmin da wani abokin aikinsa sun bi diddigin kalmar a wani nazari da suka buga a 2010, suka nuna cewa ma'anar batsa ba ta zauna da gindinta ba sai a shekarun 1940, fiye da shekara 30 bayan tafiyar sarki.

Asalin abin baƙo ne, daga Amurka ya shigo. A 1895 jaridar New York World ta Joseph Pulitzer ta fara buga zanen barkwanci na wani yaro mai aski ƙwal da doguwar riga rawaya, wanda aka sani da Yellow Kid. A 1896 abokin gabarsa William Randolph Hearst ya janye mai zanen, Richard Outcault, zuwa jaridarsa ta New York Journal, aka wayi gari jaridun biyu kowace tana buga nata yaron, suna kuma rige-rigen kawo labaran kisan kai da tonon silili da ƙarin gishiri don jawo masu saye. Daga nan 'yan jaridar da ke ƙyamar wannan salo suka laƙaba masa suna aikin jarida mai rawaya. Sinawan da suka koyo aikin jarida suka fassara laƙabin kai tsaye, huangse xinwen, suka riƙa jifan ƙananan jaridun tsegumi na Shanghai da shi. Su kuwa waɗannan jaridu, abin da suka fi ci da shi shi ne labaran 'yan rawa da mawaƙa da matan gidajen shaƙatawa, saboda haka a kunnen mai karatu na Shanghai kalmar ta bar ma'anar ƙarin gishiri ta koma ma'anar tsiraici. Daga jarida ta tsallaka zuwa littafi, daga littafi zuwa waƙa da fim.

Akwai kuma masu ƙarawa da cewa a Landan an yi wata mujalla mai suna The Yellow Book daga 1894 zuwa 1897, wadda ta ari launinta daga littattafan soyayyar Faransa masu rawayan bango da Turawan Ingila suke ɗauka na marasa kunya ne. Wannan ya nuna launin ya riga ya fara wari a Turai, amma ƙofar da ya bi ya shiga Sinanci ita ce ta jarida.

Malam Garba:
Dakta, na karɓi gyara a kan maganar tuta, hujja ce mai ƙarfi. Amma ki warware mini wannan: laƙabin nan ya je ƙasashe da yawa, a Rasha da Sifaniya ma ana cewa jarida mai rawaya, kuma a ko'ina ya tsaya a kan ma'anar tsegumi, ko a Ingilishin da ya haife shi bai taɓa zama sunan batsa ba. Me ya sa sai a Sin kaɗai ya rikiɗe? Ruwa ba ya tsami banza, dole akwai wani abu a cikin harshen da ya karɓi baƙon.

Nafi'u:
Malam, ina ganin abin da kake nema yana cikin rabin kalmar na biyu. Cikakken sunan launin shi ne huangse, kuma wannan se ɗin, wadda take nufin launi, tun fiye da shekara 2000 take ɗauke da ma'anar kyawun mace da sha'awa. An ruwaito Confucius, babban malamin hikimar Sin na zamanin da, yana kokawa cewa bai taɓa ganin wanda yake son nagarta kamar yadda yake son se ba. Har yau mai bin mata haose ne, wato mai son launi, wanda yake damun mata a mota ko a jirgin ƙasa selang ne, wato kyarkecin launi, batsa kuma a nutsattsen harshe seqing ce. Ke nan duk Basinen da ya ji an ce labari mai huangse, kunnensa ya riga ya ji rabin zancen kafin a fassara masa. Kafin rawaya ma akwai launin da yake wannan aiki, wato taose, ruwan furen wani ɗan itace mai ja-ja, kuma har yanzu idan asirin wani babba ya tonu da wata mace da shi ake siffanta labarin.

Dakta Hadiza:
Madalla, ƙanena, wannan ya cike giɓin da na bari. Iri daga waje ya zo, amma gonar a nome take.

Malam Idi:
Jama'a, ku gafarce ni, ni ban ga dacewar a zauna ana jera sunayen alfasha a zauren da iyaye mata da ɗalibai suke karantawa ba, ko da da wani harshe ne. Abin da kunya ta rufe bai kamata ilimi ya buɗe shi ba.

Alhaji Bala:
Malam Idi, Allah ya saka da alheri, kunya ado ce kuma babu mai musun haka. Amma ka dubi abin da ya same ni. Rashin sanin kalmar ne ya sa na furta ta a gaban 'yar mutane, da na san ta da ban kusance ta ba. Yaranmu da yawa suna tafiya can karatu da fatauci, gara su ji daga bakinmu cikin ladabi da su koya ta hanyar da na koya. Kuma ban ga wanda ya siffanta wani abin ƙazanta a nan ba.

Isufu Damagaram:
Gaisuwa ga manya. Ina goyon bayan Alhaji, kuma ina so in ja hankalin Malam Idi ga wani abu: sanya wa batsa sunan launi shi kansa aikin kunya ne, hanya ce ta kauce wa kiran abin da sunansa. Shi ya sa al'ummu da yawa suka yi haka, kowace da launin da tarihinta ya miƙo mata. Mu da muka yi boko da Faransanci mun san su ruwan hoda suke cewa, har layukan tarho na irin wannan hira da shi ake kiransu. Japanawa ma ruwan hoda ne, tun finafinan shekarun 1960. A Sifaniya kore ne, dattijon da bai san girmansa ba sai su ce masa koren tsoho. Italiyawa jar fitila suke ambata, rawaya kuwa a wurinsu labarin bincike da kisan kai ne, saboda wani kamfanin ɗab'i da ya fara fitar da irin waɗannan littattafai da rawayan bango a 1929. Mu kanmu a ƙasar Hausa aro muka yi, domin bulu fim da ake faɗa a Kano da Maraɗi da zangon Kumasi daga Ingilishi ya zo, kuma ku lura ba mu taɓa fassara shi ba. Babu mai cewa shuɗin fim, saboda haka shuɗinmu na baba da marina da rawanin Buzaye bai ɗauki dauɗa ba. Sinawa kuwa fassarawa suka yi, suka zuba baƙuwar ma'ana a cikin tasu kalmar ta gado, shi ya sa tabon ya kama.

Hajiya Rabi:
Tunda an buɗe maganar launi, bari in kawo nawa, domin ba rawaya kaɗai ke da tarko ba. Ina sayen kayan kicin a Yiwu, kuma akwai wani dattijo da muka shekara 6 muna ciniki, mutum mai amana, ko kuɗina bai cika ba yakan sake mini kaya. Da zan koma sai na ce bari in kai masa tsaraba ta gida, na sa aka ɗinka masa hula zanna mai kyau, aikin hannu, kore shar da ɗan farin zare. Ya karɓa da hannu biyu kamar yadda suke yi, ya yi godiya, ya juya ta ya duba ɗinkin, amma bai kai ta kansa ba, sai ya buɗe aljihun tebur ya ajiye. Matarsa da ke gefe tana lissafi ta rufe baki da hannu. Na ɗauka hular ce ba ta yi masa ba, sai da na koma masauki wata 'yar Nijar da ta daɗe a can ta ce mini, Hajiya, ai a nan namijin da aka ce ya sa koriyar hula, matarsa ce take cin amanarsa. Washegari na koma da wata mai ruwan ƙasa da na saya wa ƙanena, na ba shi haƙuri, ya sa ta nan take har muka yi hoto.

Nafi'u:
Hajiya, kin yi dabara da kika koma. Wannan kam tsohuwar magana ce tasu ta gida, ba aro ba. A zamanin daular Yuan, ƙarni na 13, doka ta wajabta wa mazan da ke gidajen karuwai su ɗaura ƙyalle mai launin qing a ka don a gane su, daular Ming kuma ta ci gaba da tilasta wa mazan gidajen mawaƙa koren ɗankwali. Dokar ta mutu tuntuni, amma har yau da wuya ki ga Basine ya ɗora kore a kansa. Shi wannan qing ɗin launi ne mai faɗi, ya haɗa tsanwa da shuɗi har da baƙi-baƙi, kuma yana da nasa labarin mai kama da na rawaya. Qinglou, wato soro mai launin qing, da farko gidan masu hali ake nufi da shi, amma mawaƙan baya suka yi ta kiran gidajen mata masu zaman kansu da sunan har ma'anar farko ta ɓace.

Malam Garba:
Wannan na qinglou ya tuna mini da namu. Magajiya sarauta ce mai daraja, sarauniyoyin Daura na farko da ita ake kiransu, kuma har yau akwai ta a masarautu, amma kowa ya san abin da ake nufi idan aka ce gidan magajiya a bakin tasha. Ma'anar biyu suna zaune tare, mai magana da mai sauraro ba sa ruɗewa, sai baƙo. Ina jin haka rawaya take a wurinsu.

Dakta Hadiza:
Haka take, Malam, amma da bambanci ɗaya wanda shi ne ya fi damuna a duk wannan zance. Magajiyar tasha bakin jama'a ne ya raɗa mata suna, rawaya kuwa hukuma ce ta ɗauke ta ta mayar da ita sanda, kuma da yake launi ba shi da iyaka kamar kalmar doka, duk abin da mai mulki ya ƙi yana iya shafa masa shi. Dubi abin da ya faru da waƙa. Li Jinhui, wanda ake ɗauka uban waƙar zamani ta Sin, ya yi tashe a Shanghai a shekarun 1920 da 1930 da waƙoƙin soyayya masu taushi. Bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki a 1949 aka yi musu kuɗin goro aka kira su waƙoƙin rawaya, aka hana su, shi kuma ya rasu a 1967 cikin tsangwamar Juyin Al'adu, gangamin da shugaba Mao Zedong ya ƙaddamar don kawar da tsofaffin al'adu. A ƙarshen shekarun 1970 kaset-kaset na Deng Lijun, mawaƙiyar Taiwan da duniya ta sani da Teresa Teng, suka fara shigowa a ɓoye, su ma aka ce rawaya ne, alhali babu kalmar batsa ko ɗaya a cikinsu, begen masoyi ne da kewar gida. Mutane suka riƙa rufe taga suna saurare, har aka yi karin maganar cewa da rana ana jin tsohon Deng, wato shugaba Deng Xiaoping, da dare kuma ana jin ƙaramar Deng. A 1982 sai da wani kamfanin ɗab'i na gwamnati ya fitar da ɗan littafi na koya wa jama'a yadda za su gane waƙar rawaya, inda ake tuhumar har salon kiɗa da yadda mawaƙi yake jan numfashi.

Abin bai tsaya a Sin ba. A Singafo, gwamnatin Lee Kuan Yew tana hawa mulki a watan Yunin 1959 ta ƙaddamar da yaƙi da al'adun rawaya, aka bi mujallu da wuraren rawa da akwatunan kiɗa na kuɗi. A Biyetnam ma kiɗan rawaya aka kira waƙoƙin soyayyar kudu, aka haramta su bayan 1975. A Sin ɗin kanta, gangamin da aka fara a 1989 kuma yake gudana har yau sunansa sao huang da fei, share rawaya da murƙushe haramtattun wallafe-wallafe, kuma a ƙarƙashin rabin na biyu littattafan siyasa da na addini marasa izini suke faɗawa. Tsintsiya ɗaya ce take share duka.

Malam Idi:
Dakta, na ji bayaninki kuma na janye ƙorafina na farko, amma a nan ina ganin kin yi wa hukumar tsanani. Ƙasar da ta tsaya ta ce ba za a sayar wa 'ya'yanta tsiraici ba ta yi abin a yaba, ko da ta yi kuskure a kan wata mawaƙiya. Mu nan muna ganin abin da waya take yi wa yara 'yan shekara 12, kuma iyaye ba su da inda za su kai kuka. Idan aka ba ni zaɓi tsakanin tsintsiyar da ta wuce gona da iri da gidan da ba a sharewa sam, na san wanda zan ɗauka.

Dakta Hadiza:
Malam Idi, ni uwa ce, kuma abin da kake tsoro ina tsoronsa. Ban ce a bar gida ba shara ba. Abin da nake cewa shi ne a kira dattin da sunansa, a faɗi iyakarsa. Dokarsu ta rubuce ma ta fi laƙabin adalci, domin sashe na 367 ya fitar da littattafan likitanci daga cikin batsa, ya kuma fitar da ayyukan adabi da zane masu daraja ko da sun taɓo sha'awa. Laƙabin launi ba ya yin wannan tankaɗe da rairaya. A 2009 gwamnati ta umarci a sanya wata manhajar tacewa mai suna Green Dam a duk sabuwar kwamfuta, sai aka gano tana auna yawan launin fata ne a hoto, tana toshe hotunan aladu da na kyanwar zanen yara, kuma ana gab da ranar fara aiki da umarnin aka ɗage shi. Mutanen da suka sha wahala saboda kaset ɗin Teresa Teng ba su ɓata tarbiyyar kowa ba, kuma yau waƙoƙin nata a gidan talabijin na gwamnati ake rera su.

Nafi'u:
Abin da zan ƙara daga abin da nake gani a wurin abokan karatuna shi ne, tacewar ta sa matasa sun bar rawayar ma sun ƙirƙiro wasu kalmomi, domin na'ura ta riga ta san ta. Yanzu idan hira ta fara karkata sai wani ya ce an tada mota, wanda ya ƙware a irin wannan zance kuma tsohon direba ne. Akwai wu, wato dauɗa, da ake siffanta mai irin wannan tunani da ita, akwai kuma tsohuwar hanya ta raba barkwanci gida biyu kamar abinci, mai nama da na ganye. Can kudu, inda Baba Alhaji yake zuwa, masu harshen Kantonis ba launi suke amfani da shi ba, gishiri da danshi suke cewa, haam sap, a Hong Kong kuma tun 1988 da aka kafa matakan tace finafinai ake cewa fim mai mataki na uku. Kamfanonin intanet kuwa suna ɗaukar ma'aikata na musamman da ake kira jian huang shi, masu tantance rawaya, waɗanda aikinsu shi ne duba dubban hotuna a yini suna gogewa.

Alhaji Bala:
Na gode ƙwarai, 'yan'uwa, kun warware mini abin da ya shekara yana damuna. Saura tambaya ɗaya ta kasuwa, Nafi'u. Bayan Sallah zan koma, kuma rabin odar da nake da ita rawayan leshi ne da shadda ruwan ƙwai. Yaya zan nema ba tare da na sake jefa 'yar wani cikin kunya ba?

Nafi'u:
Baba Alhaji, kada ka ji ɗar, yadi da mota da fure da fenti duk ana kiransu huangse kullum kuma babu wanda zai kawo komai a ransa. Zinariya ma huangjin ce, ranar sa'a ta ɗaurin aure a kalandarsu ta gargajiya da huang take farawa, budurwar da ba ta taɓa aure ba ana yi mata kirari da 'yar rawayan fure, kuma miliyoyin mutane sunan gidansu Huang, waɗanda a Hong Kong ake rubutawa Wong. Inda tarkon yake shi ne abin karantawa da abin kallo da abin saurare, wato littafi da mujalla da hoto da fim da shafin intanet da waƙa da barkwanci. Idan littafin samfurin kake so, ka nuna shi da hannu ka ce na ben, wato wancan, ko ka ce huangse fengmian de, mai rawayan bango. Kalma ɗaya kuma da za ta yi maka amfani a ciniki: idan dillali ya ce maka harkar ta huang le, wato ta yi rawaya, ba zancen banza yake yi ba, yana nufin cinikin ya rushe, sai ka nemi wani shagon.